Kafin Mu Taɓa Kuɗin Asusu, Mu Ji Ta Bakin Kowa

 

Yau zan yi magana ne a kan yadda ƙungiya za ta gano abin da ya fi damun mutanen gari, kafin ta kashe kuɗin taimakon juna ko ta kai kuka ga hukuma. Mu nan ba mu wuce 25 ba, gari kuwa ya fi mu yawa. Akwai matan kulle, akwai Fulanin ruga, akwai waɗanda rikici ya koro suka sauka a gefen gari, ga zawarawa, tsofaffi da masu naƙasa, Musulmi da Kirista. In muka yanke shawara mu kaɗai, sai mu sayi injin niƙa alhali ruwa ne ke hana mata barci. Kun ga an yi asarar kuɗi, jama'a kuma sun daina yarda da mu.

To, ya za mu yi?

Da farko a nemi izini. A gaida mai unguwa ko dagaci, a je wurin Arɗo, a sanar da liman da fasto. Gidan da ake kulle, a fara shaida wa maigida.

Sai mu zana gari a ƙasa da toka. Dutse ya zama rijiya, kara ya zama makaranta, ganye ya zama asibiti. Sannan mu tambayi kanmu: wace unguwa ce ba mu da kowa a cikinta? Can za mu fara zuwa.

A lura da lokaci. Ban da ranar kasuwa, ban da Juma'a da rana, ban da Lahadi da safe. Matan ruga suna tallan nono da hantsi, sai da yamma ake samunsu. Lokacin shuka da girbi kuwa, kowa yana gona.

Kada a tara kowa wuri ɗaya. Amarya ba ta buɗe baki gaban uwar miji, ko ba haka ba? A zauna da 'yan mata daban, matan aure daban, tsofaffi daban, mutum 8 zuwa 10 a kowane zama. Wadda ba ta iya fitowa, a bi ta gida. Mu tafi bibbiyu, ɗaya na tambaya, ɗaya na riƙe amsa. Inda ba a jin Hausa sosai, a nemi mace mai jin Fulatanci ta yi tafinta.

Kada ku ce, "Kuna son rijiya?" Kowa zai ce eh. Ku ce, "Me ya fi ba ku wahala da rani? Da damina fa?" Sai ku yi shiru ku saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In an gama, kowace matsala a ba ta kwano. Kowace mace ta karɓi tsakuwa 5, ta shiga ita kaɗai ta zuba inda ta ga dama, don kada ta bi ra'ayin wata saboda kunya. A ƙirga na kowane rukuni daban. In an haɗe su, tsakuwar mutanen ruga za ta ɓace cikin ta 'yan gari.

Ina roƙonku abu biyu. Kada ku yi wa kowa alkawari, ku ce tambaya muka zo yi. Kuma abin da mace ta faɗa muku a ɗaka, kada a ji shi da sunanta a bakin rijiya.

Daga ƙarshe mu koma mu faɗa wa jama'a abin da ya fito. Wanda asusunmu zai iya, mu yi. Wanda ya fi ƙarfinmu, mu rubuta mu kai wa kansila.

Kafin zaman mako mai zuwa, kowace ta zo da sunan unguwa ɗaya da ba a taɓa jin ta bakinta ba. Allah ya ba mu sa'a.