Jawabin Sashen Mata A Kan Wainar Turawa

 

An ɗora mana nauyin yin bayani a kan wainar nan ta Turawa da ake kira wafil, saboda wasunmu sun fara yin ta don sayarwa a bakin makaranta da gidan suna, sai kuka ya yi yawa cewa ba ta yin garas-garas, wanda ya saya yau ba ya dawowa gobe. Ga fulawa da tsada, ga ƙwai da tsada, asarar kwaɓi ɗaya ba wasa ba ce.

Abincin mutanen Beljiyam ne. Suna da iri biyu sanannu. Ta garin Liyej mai nauyi ce da ƙanƙarar sukari a ciki, ta Burasels kuwa sakayau take, ita ce ta yi suna a Amurka bayan baje kolin duniya na 1964. To wannan ta biyun muke nufi. Ba tanda ake zuba ta ba, ƙarfe ne mai murfi, mai gida-gida, yana gasa sama da ƙasa lokaci guda.

Ga awon da muka gwada: fulawa kofi ɗaya da rabi, garin shinkafa mai laushi rabin kofi, bekin hoda babban cokali 1, sukari cokali 2, gishiri ɗan kaɗan, ƙwai 2, madara kofi biyu ba kaɗan, man gyaɗa rabin kofi. Kada a raina shinkafar nan. Duk wadda ta taɓa cin gefen masa ta san aikinta, ba ta da danƙo irin na alkama. Mai kuma ya fi bota a nan, domin bota akwai ruwa a cikinta.

A ware farin ƙwai daban da gwaiduwa. Gwaiduwa ta shiga cikin madara da mai, a juye kan gari. Farin kuwa a sa shi a kwano busasshe wanda ba maiƙo, a buga da maburgi har ya zama kumfa mai tsayawa da kansa. Ko ɗigon gwaiduwa ya faɗa ciki, wallahi sai hannu ya gaji bai tashi ba.

Sai inda muka fi yin kuskure. Mun saba da bugun ƙullun ƙosai da na fanke, hannu ya riga ya koya. To nan ban da bugu! Fulawa in ta sha juyi danƙo take yi, wainar ta fito kamar roba. A juya kawai har gari ya ɓace, ko da 'yan gudaji an bar su. Kumfar nan ita ce ta ƙarshe, a riƙa ɗago ƙullu daga ƙasa ana lulluɓa ta a hankali, iskar da ke cikinta ita ce rashin nauyin da muke nema. Kuma a toya nan take.

Ƙarfe ya yi zafi sosai tukuna, a shafa mai, a zuba ludayi guda, a rufe. Mai amfani da na gawayi ko risho ta riƙa juya shi. Kada a yi ta leƙe. Tururi ne agogonmu, in ya ja baya ta nuna, kamar minti 4 zuwa 5.

In an kwashe fa kada a jibga su a kan juna, kada a rufe a kula ko leda da zafinsu. A jera su ɗaiɗai a kan ragar waya iska ta ratsa ƙasansu. Ku tuna nan Kudu muke, ba Kano ko Katsina da hunturu ba. Laimar Badun da Ikko ba ta barin abu ya daɗe da ƙarfinsa, shi ya sa muke ba masu talla shawara su toya kaɗan-kaɗan a gaban mai saye. Wadda ta saki a mayar da ita cikin ƙarfen minti ɗaya, za ta dawo.

Mun zo da ƙarfe guda biyu da gawayi, suna nan tsakar gida. Wadda take son gani da idonta ta tsaya bayan addu'a. Wassalam.