Hezekiya da Ɓaure



Mun sha gani a majami'unmu. Wani ɗan'uwa da ya daɗe yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa ya tashi ranar Lahadi ya ba da shaida cewa ya warke, har ya zubar da ƙwayoyinsa. Muka yi tafi, muka ce Halleluya. Bayan 'yan watanni barci ya ƙaurace masa, ya koma surutu shi kaɗai, matarsa ta kwana tana kuka. Mu da muka yi tafin, ina muke a daren nan?

Mu tuna da Sarki Hezekiya cikin 2 Sarakuna sura 20. Allah ya riga ya ji addu'arsa, ya yi alkawari zai ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo ɓaure aka ɗora a kan marurunsa. Ba wanda ya ce bangaskiyar sarki ta kasa.

Samun maganin da ya karɓi mutum kuwa sai da haƙuri. Maganin ciwon damuwa yakan kai mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa sosai, kuma ba lalle na fari ya dace ba. Wani yakan kawo yawan barci, wani ƙiba, wani rawar hannu ko sandarewar jiki. Kada mu ɓoye wa likita waɗannan don kunya. Zai iya ragewa ko ya sake wani. Mai shan litiyom, sai a riƙa gwada jininsa saboda ƙoda. Mai yawan mantuwa, akwai wasu magunguna da ake yi ta allura bayan mako 2 ko wata guda.

Jaraba mafi girma takan zo ne ranar da aka ji sauƙi. Sauƙin nan sau da yawa alama ce cewa maganin yana aiki. Mai ciwon damuwa yakan ci gaba aƙalla wata 6 bayan ya warware. Wasu kuwa shekaru za su yi, kamar mai hawan jini. In lokacin dainawa ya yi, likita ne zai janye shi a hankali.

Mu faɗi gaskiya kuma, wasu ba don bangaskiya suka daina ba, kuɗi ne ya ƙare. Zumuntar mata, dattawan ikkilisiya, a cikinmu wa zai biya kuɗin mota zuwa asibiti wannan wata, wa kuma zai raka?

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.