'YANCI DA DAIDAITO: MISALI DAGA GARIN LAFIYA



Sashe na 17 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kafa zaman jama'ar ƙasar nan a kan abubuwa uku, watau 'yanci da daidaito da adalci. An jera su wuri guda kamar 'yan ɗaki ɗaya, amma masana sun daɗe suna gardama a kan biyun farko. Waɗansu sun ce kishiyoyi ne: in an sakar wa kowa mara ya nemi abin da ya ga dama, mai ƙarfi zai danne marar ƙarfi, in kuwa hukuma ta tashi daidaita mutane da tsiya, sai ta tauye kowa. Maganar tana da makama. Amurka ta yi shelar cewa daidai aka halicci mutane a 1776, amma bayi suka ci gaba da noma auduga har 1865. Tarayyar Sobiyet kuma ta yi alkawarin daidaita kowa, ta toshe bakin jama'a, ta wargaje a 1991. To, ba sai an ƙetare teku ba kafin a auna wannan gardama. Garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ya isa ma'auni.

Lafiyar Bare-bari gari ne da aka gina da haɗuwar baƙi da 'yan ƙasa. Bare-bari ne suka kafa sarautarta a ƙasar da suka tarar da Migili, watau Koro, kuma ga Alago da Gwandara da Eggon kewaye da su, ga Hausawa fatake, ga Fulani makiyaya, ga Tibi manoma. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka buɗe hanyar fatauci zuwa Loko a bakin kogi. Abin da ya raya kasuwar nan shi ne damar da baƙo ya samu ta shiga ya kasa hajarsa, ya fita da ribarsa. Sai dai a wannan zamanin, a ko'ina cikin ƙasar Arewa, akwai mutanen da su kansu haja ne.

A 1901 Gwamna Lugga ya yi dokar da ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne, ba bawa ba. Dokar ba ta kwance waɗanda ke cikin bauta nan take ba. Da yawa sai da suka biya fansa a gaban alƙali, kuma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Abin lura shi ne halin wanda aka 'yanta. Ga shi ɗa a idon shari'a, amma ba shi da gona, ba shi da jari, ba shi da dangin da za su tsaya masa. Ina zai nufa? Sau da yawa gandun tsohon ubangijinsa yake komawa, ya yi aikin da ya saba, a ba shi abin da aka ga dama. An ba shi hanya, ba a ba shi guzuri ba. Wanda ke son ya san yadda 'yanci yake idan babu daidaito a tare da shi, to, ya dubi wannan mutum.

Da mulkin kai ya gabato sai maganar ta sake kama. Ƙabilun da ba su da yawa, a Lardin Binuwai da Lardin Filato da sauran wurare, suka ji tsoron kada Turawa su tafi a bar su a hannun masu rinjaye. Saboda haka a 1957 aka naɗa hukumar bincike a ƙarƙashin Sir Henry Willink. Rahotonta na 1958 bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin Tsarin Mulki, aka kuwa yi haka a na 1960. Ashe ke nan babin 'yancin da ɗan Nijeriya ke tinƙaho da shi yau, kukan masu neman daidaito ne ya jawo shi. Duk da haka bai game kowa ba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Lafiya da na sauran Jihar Arewa suna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan fafutuka, kuma sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara zaɓe.

Jihohin da Willink ya ƙi sun zo daga baya. Lafiya ta shiga Jihar Binuwai da Filato a 1967, ta koma Jihar Filato a 1976, ta zama babban birnin Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996. Kowace daga cikin waɗannan rabe-rabe ta share wa waɗansu hawaye, domin gwamnati ta matso kusa da su. Amma kowace kuma ta haifi sababbin marasa rinjaye, ta kuma ƙara wa wata 'yar takarda daraja, watau takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma.

A nan ne ƙullin yake, ya kamata a tsaya a kansa. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zuwa ko'ina a Nijeriya ya zauna. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar gida ko fili a duk inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin asalinsa, ko don namiji ne ko mace, ko saboda yanayin haihuwarsa. Amma wannan Tsarin Mulkin dai, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, wanda kuma ɗan asalinta ne. Daga nan al'adar neman shaidar asali ta bazu zuwa neman aiki da gurbin karatu da tallafin makaranta. Sai ka ga Bakatsinen da aka haifi ubansa a Lafiya, yana biyan haraji a Lafiya, kabarin kakansa yana Lafiya, ran da ɗansa zai cika takardar neman aiki a ce masa ya tafi Katsina, garin da bai san hanyarsa ba. Ɗan Lafiyan da ya tsufa a Kano ko Inugu ma haka yake gamuwa da ita. Ba wanda ya kore shi, yana da cikakken 'yancin zama. Daidaito ne ya tsaya a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A tsakiyar 2001, bayan kisan Sarkin Azara, rikici ya ɓarke a kudancin Jihar Nasarawa, aka yi asarar rayuka, dubban mutane suka bar gonakinsu, da yawa suka ƙetara Jihar Binuwai. Ƙarƙashin rikicin akwai tsohuwar tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wa ke da gona, wa ke da sarauta. Da wutar ta kama, ɗan ƙasa da baƙo duk sun rasa 'yancin zuwa gona da kasuwa. Doya ba ta tambayi asalin mai ita ba kafin ta ruɓe a kunya.

Su ma masu kare tsarin rabon muƙamai suna da hujja, bai kamata a yi watsi da ita ba. Makarantun boko ba su iso ko'ina lokaci guda ba. In da za a ce jarrabawa kaɗai za ta raba aiki, da waɗanda suka riga shiga aji sun kwashe komai, jikokinsu su gada. Shi ya sa sashe na 14 ya wajabta wa Gwamnatin Tarayya, da gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma, su dubi bambancin jama'arsu wajen naɗi, aka kuma kafa Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai a 1996. Wannan tauye hannun mai mulki ne da gangan, kada ya cika ofis da 'yan garinsu. Laifin yana faruwa ne lokacin da aka mai da tsarin ya zama rumfar 'ya'yan manya na kowace ƙabila, ɗan talakan ƙabilar yana rana.

Gyaran da ya fi ɗorewa shi ne wanda ake yi tun daga tushe. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 da dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 sun nufi haka. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, tana cikin waɗanda aka buɗe domin jihohin da ba su da jami'ar tarayya. A 2018 aka buɗe makarantar musamman ta naƙasassu a Lafiya, a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar tarayya da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika. Kowa ya dubi matakalar ofishin da ke kusa da shi ya yi hukunci. Babu dokar da ta taɓa hana kurma shiga aji, amma ajin da ba malamin da ya iya maganar hannu, a wurinsa rufaffe ne. Da aka ba shi malami ba a rage wa mai ji komai ba.

Dole a faɗi wani abu a fili game da doka. Sashe na 17 yana cikin Babi na Biyu, wanda manufa ce ta gwamnati, kotu ba ta tilasta shi. Sashe na 41 da 42 da 43 kuwa suna Babi na Huɗu, kuma sashe na 46 ya ba duk wanda aka tauye wa ɗaya daga cikinsu, ko ake shirin tauye masa, damar kai ƙara Babbar Kotu ta jihar da abin ya faru. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Wanda ma'aikacin gwamnati ya zalunta ya kai kuka Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda take aiki tun 1975, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta 1995. Ba a biyan ko kwabo wajen shigar da koke a hukumomin nan biyu. Mai zuwa ya riƙe kwafin takardunsa, ya rubuta ranar da abin ya faru da sunan ofishin, ya kuma karɓi shaidar cewa an amshi kukansa.