Idan Jini Ya Yanke wa Zuciya, Kada a Jira Gari Ya Waye

Jawabin sashen kiwon lafiya ga wakilan ikilisiyoyin Gusau, Tsafe da Bungudu

Yau za mu yi magana a kan zuciyar nan ta tsoka da ke cikin ƙirji.

Masu noman rani a bakin Gulbin Sakkwato sun san injin ban ruwa ba ya aiki sai da mai, sai da wutar fulogi. Haka zuciya take. Tana da tata wutar lantarki mai sa ta bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Jini kuwa shi ne manta, ta ƙananan jijiyoyi yake isa tsokarta.

Idan kitse ko gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin, abu biyu ne ke faruwa. Na farko, cikin ƙasa da minti ɗaya sashen da jini bai kai ba sai ya yi rauni, ya kasa matsawa. Ruwa yana iya taruwa a huhu, numfashi ya gagara. Na biyu, wutar takan rikice, bugu ya rasa tsari, wani lokaci zuciya ta koma karkarwa kawai ba ta tura jini. A nan ne mutum yakan yanke jiki ya faɗi. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 tsokar takan fara mutuwa, wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa.

Ga alamu: nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, ciwon yana gangarawa hannun hagu ko haɓa, da zufa mai sanyi. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga wani lokaci kasala da haki kawai suke ji. Kada a ce olsa ce, a sha kanwa a kwanta. A nufi asibiti mafi kusa. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A nemi gwajin ECG, shi ke nuna yadda wutar zuciya ta sauya.

Mun san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare. Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su shirya da mai mota tun kafin buƙata, su ware kuɗin mai. Zumuntar mata da ta maza su riƙa shirya awon hawan jini bayan sujada. A rage gishiri, a bar taba.

Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Mu yi addu'a muna kan hanyar asibiti. Ubangiji ya kiyaye mu. Amin.