Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Idan Halin Kyanwarki Ya Canza

  

Yau zancenmu ya taso ne daga wata wasiƙa da wata baiwar Allah ta aiko mana. Ta ce tana da kyanwa, shekara huɗu ke nan suna tare, tun tana amarya. Ita ce abokiyar hirarta in maigida ya fita kasuwa, ita ta raba ta da ɓeraye, kuma ba ta taɓa ɓata mata ɗaki ba. To amma tun da ta haihu, gida ya cika da 'yan barka har aka yi suna, sai kyanwar nan ta sake hali. Ta koma fitsari a kan katifa da tulin kayan wanki, ta wuni a ƙarƙashin gado, shekaranjiya kuma ta yakushi ɗanta ɗan shekara uku a hannu. Ta doke ta har ta gaji, abin sai gaba yake yi. Uwar mijinta ta ce kishi take da jinjiri, wata maƙwabciya ta ce ai shiga jikinta aka yi. Maigida kuwa ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari a yar. Shi ne take tambaya, ko akwai abin yi kafin a kai ga haka?

To 'yar uwa, akwai. Ki roƙi maigida ya ɗan saurara miki, ko da wata guda ne. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Dabbar da ta yi shekara huɗu da tsafta ba za ta wayi gari ta zama ƙazama haka kawai ba. Ba ta da bakin da za ta ce miki "ciwo nake ji" ko "tsoro nake ji", sai dai ki gani a halinta.

Wataƙila za ku yi mamaki in na ce muku a cikin aikin likitan dabbobi akwai fanni guda da ba ya duba komai sai wannan, wato halayyar dabba da damuwarta. A Amurka tun 1993 aka amince da ƙungiyar likitocin da suka ƙware a kansa. Kafin nan, a Ingila, wani kwamiti da gwamnati ta kafa ya fitar da rahoto a 1965, daga gare shi ne aka tsamo haƙƙoƙi biyar na dabbar da ke hannun mutum: kada ta zauna da yunwa da ƙishirwa, kada ta zauna a matse, kada a bar ta da ciwo, kada a sa ta cikin tsoro da fargaba, sannan a bar ta ta yi irin abin da jinsinta ya saba yi. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wadda ta je Islamiyya ta ji hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Abu na farko da waɗannan likitoci suke koyarwa shi ne, kafin ki ce hali ne, ki tabbata ba ciwo ba ne. Akwai wani kumburi da ke kama mafitsarar kyanwa, kuma damuwa na daga cikin abin da ke tayar da shi. Fitsari sai ya riƙa yi mata zafi, ta riƙa yin kaɗan-kaɗan, wani lokaci da jini, sai ta guje wa inda ta saba yi don tana ganin wurin ne ke ji mata ciwo. Ki lura da kyau. In muzuru ne, kika ga yana tsugunnawa yana nishi ba abin da ke fita, kada a kwana da shi a gida. Hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma wannan yana kisa cikin kwana biyu ko uku. Ki sa maigida ko babban yaro ya kai shi asibitin dabbobi. Haka kuma ciwon haƙori, ko miki, ko ciwon gaɓɓai na tsufa, duk suna sa dabba mai sanyin hali ta koma cizo in an taɓa ta.

A nan ina so in ja kunnenmu. Don Allah kada ki ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta. Kada ki shafa mata fiya-fiya ko maganin sauro da sunan kashe ƙuma. Albasa da tafarnuwa ma suna lalata mata jini, don haka ragowar miya ba abincinta ba ne.

In an duba an ga lafiyarta ƙalau, sai ki tambayi kanki: me ya sauya a gidan nan? Kyanwa dabba ce mai riƙe wuri, kuma da hanci take gane gidanta. Kin ga yadda take goga kumatunta a ƙafar gado da bakin ƙofa, har da ƙafarki? Wani ƙamshi take bari wanda mu ba ma jin sa, shi ke gaya mata nan gida ne, ba abin tsoro. To ki duba abin da ya faru a ɗakin mai wasiƙar nan. An yi jere, an sauya kaya, ga turaren wuta dare da rana, ga baƙin fuska, ga guɗa, ga kukan jinjiri, ga uwar ɗakinta da ta saba shafa ta yanzu ba ta da lokacinta. Kunnenta kuma ya fi namu ji nesa ba kusa ba. Duk alamar da ta sani ta ɓace. Shi ya sa take neman inda ƙamshinki ya fi yawa, wato katifarki da zanenki, ta haɗa nata da naki. Ba ramuwa ba ce, ba kishi ba ne irin namu na mata. Hankalinta ne ya tashi.

Shi ya sa duka ba ya magani. In kin dawo kin tarar da fitsari kin ɗauki tsintsiya, ita ba ta haɗa dukan da abin da ta yi awa biyu da suka wuce ba. Abin da ta koya kawai shi ne hannunki ma ya zama abin gudu. Tsoro ya ƙaru, fitsari ya ƙaru. Dangwala mata hanci a cikin ƙazantar ma haka ne.

To me za ki yi? Ga su, kuma duk ba sai kin fita ko ƙofar gida ba.

Na ɗaya, ki yi mata mafaka. Kwali babba ya isa, ki sa tsohon zanenki a ciki, ki ajiye a lungun da ba a yawan bi. In da hali a ɗora shi a sama, kamar kan kabad, don kyanwa ta fi samun natsuwa in tana hangen mutane daga bisa. Ki kafa wa yara doka: in ta shiga nan, ba mai jawo ta.

Na biyu, ki yi mata makewayi. Ki sami tsohuwar roba mai faɗi, wadda za ta iya juyawa a ciki, ki zuba yashi mai laushi kamar zurfin yatsu uku a jere. Ki ajiye nesa da abincinta da ruwanta, nesa da turmi da janareta. A kwashe kullum. In kyanwoyin biyu ne, a yi uku, a rarraba su. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan aiki, domin kashin kyanwa kan ɗauki wata ƙwayar cuta mai illa ga ɗan da ke ciki. In ba mai yi sai ita, ta sa leda a hannu, ta wanke da sabulu.

Na uku, inda ta ɓata ki wanke shi sosai da garin sabulu, ki shanya a rana, don muddin tana jin warin za ta koma. Ki riƙa rufe ɗakin kwana in ba kya ciki. Jinjiri kuma kada a bar shi da ita su kaɗai, ki sauke masa gidan sauro.

Na huɗu, ki tsayar mata da lokaci. Abinci safe da yamma a wuri ɗaya, ruwa mai tsafta kullum. Ki ware ko minti goma, bayan la'asar ko bayan magariba, ki ɗaura tsumma ko gashin kaza a zare ki riƙa ja tana kamawa. Farauta ce a jininta, in ta huce a kan tsumma ba za ta huce a ƙafar yaro ba. Ki ajiye mata guntun icce ko tsohuwar tabarma ta riƙa kartar farcenta, ta bar miki kujera.

Na biyar, ki saba mata da abin da take tsoro sannu a hankali. Ki ajiye rigar jinjiri kusa da inda take cin abinci. In yana kuka tana nesa ba ta gudu ba, ki jefa mata ɗan guntun kifi. Gobe ta matso kaɗan, jibi ta ƙara. Kada ki ɗauke ta ki kai ta da ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai maganar yakushi. Babu wata kyanwar Lami a duniya, kowace tana da farce. Amma da wuya ta kai hannu ba ta yi gargaɗi ba. Ki koya wa yaranki alamun nan: in ta kwantar da kunnuwa baya, baƙin idonta ya buɗe ya cika, wutsiya tana kaɗawa da ƙarfi, gashi ya miƙe, ko ta yi huci, to a ja da baya. Ba a jan wutsiya, ba a taɓa ciki, ba a tare mata hanyar gudu. Kada kuma ki ƙura mata ido, a wurinta neman faɗa ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sussex ta Ingila, aka buga a 2020, ya nuna in mutum ya lumshe ido a hankali yana kallon kyanwa, ta fi saurin matsowa wurinsa. Ki gwada yau ki gani. Mai 'yan ƙanana kuma ta sani, tsakanin mako biyu zuwa bakwai da haihuwa ne suke sabawa da hannun mutum. In an taɓa su da tausayi a wannan lokaci, sai su tashi ba tsoro.

Kukan dare da wasunmu ke cewa maita ce ko aljanu, yawanci mace ce ke neman namiji, ko muzurai ne ke faɗan wuri. Likitan dabbobi yana yin fiɗiya, ga mace da namiji, wadda ke rage kukan, da yawon dare, da fesa fitsari a bango. In an yi duk wannan abin ya ƙi, akwai magungunan kwantar da hankali da likita ke rubuta wa dabba, amma shi kaɗai ya san wanda ya dace da ma'auninsa. Kada a sayo a kemis.

Akwai canjin hali guda da ba a yi masa lallashi. In dabba, kyanwa ko kare, ta haukace farat ɗaya, tana cizon duk abin da ta samu, yawu na dalala, muryarta ta sauya, ko ta kasa haɗiya, to a ji tsoron ciwon haukan kare. Kada a taɓa ta, a kulle wurin, a kira malamin dabbobi. Duk wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma in alamunsa sun bayyana kusan ba a tashi. Ke mai wasiƙa, ki nuna hannun yaron nan ga ma'aikacin lafiya, ki gaya masa ko an taɓa yi wa kyanwar allurar riga-kafi. In ba a yi ba, a yi.

Masu kiwo, ku ma da ku ake. Akuya da tunkiya dabbobin garke ne, wadda aka ɗaure ita kaɗai a turke cikin rana za ta wuni tana kuka, ta rage cin abinci, ta ƙi ƙiba. Ki ba ta inuwa da 'yar uwa. Wadda ke cin tsumma da leda da lasar bango, ki ƙara mata harawa, ki ajiye mata kanwa ko gishirin lasa, ki kuma tsince ledar tsakar gida, don tana taruwa a tumbi. Kaji in sun fara tsigar juna, ki duba cunkoson akurki, da zafi, da ƙarancin abinci.

'Yar uwa, ki yi haƙuri da ita na 'yan makonni. Ki riƙa lissafin kwanakin da ba ta ɓata ba, ki nuna wa maigida. In kuma zama ya gagara, a nemo gidan da ke son ta a ba su, kada a yar da ita a juji. Muna jiran wasiƙarki mu ji yadda aka ƙare.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A shafa kan yara, a gaida maigida. Ku huta lafiya.