Jawabi Kan Farfaɗo da Tsohuwar Fijon Ƙungiya



An ɗora mana alhakin duba Fijo 504 ta ƙungiya, haɗin masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975. Wasu sun ce a sayar wa 'yan gwangwan. Muka ce da tsohuwar zuma ake magani, domin ita ta yi shekaru tana kawo marasa lafiyarmu asibiti a Kano.

Mun kai ta wani gareji a Gyaɗi-Gyaɗi, aka cire ƙofofi da gilasai da fitilu, kowane noti aka ƙulle shi a leda da sunansa, tamkar rajistar aji. Da aka kankare tsohon fenti, sai ga tsatsa ta cinye gindin ƙofofi. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen, ya mayar da sabon ƙarfe.

Feshi kuwa a Tarauni aka yi. Mai fenti ya ƙi taɓa ta cikin hunturu, wai ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. Mun ji haushi, amma gaskiyarsa. Ya fara da shafin hana tsatsa, ya goge da samfefa da ruwa, sannan ya fesa fari.

Saura ɗaurawa. Muddin ba a daidaita ƙofa an sa mata sabuwar roba ba, ruwan damina zai shiga, tsatsa ta dawo. Robobin sun yi tsada a Ƙofar Ruwa, kuɗinsu muke roƙo. Ma'aji yana zaune a bakin zaure.