Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibiya: Jawabi Kan Ƙuri'ar Amincewa da Gwamnati

 

Sau da yawa mukan ji a rediyo cewa wata ƙungiya ko wata majalisa ta kaɗa wa gwamna "ƙuri'ar amincewa", a yi tafi, a watse. Ina so in tunatar da mu cewa asalin wannan ƙuri'a ba yabo ba ne. Ma'auni ce da ake auna gwamnati da ita. A tsarin firaminista, gwamnati tana rayuwa ne muddin mafi yawan 'yan majalisa na bayanta. Ranar da aka ƙirga aka ga ba ta da rinjaye, sai ta sauka ko a koma zaɓe. Haka ta faru a Ingila a 1979, inda gwamnatin James Callaghan ta faɗi da bambancin ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310.

Ba sai mun je nesa ba. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, ranar 31 ga Mayu, 2007, 'yan majalisa 62 cikin 113 suka yanke ƙauna ga gwamnatin Firaminista Hama Amadou kan badaƙalar kuɗin ilimin firamare. Ya sauka, Shugaba Tandja Mamadou ya naɗa Seyni Oumarou, ba a fasa kan kowa ba, domin a bainar jama'a aka yi ƙirgen.

Mu kuwa a Nijeriya mun taɓa ɗanɗana akasin haka. A 1962, Gwamnan Jihar Yamma, Sir Adesoji Aderemi, ya tuɓe Firimiya Akintola bisa wata takarda mai sa hannun 'yan majalisa 66, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Da majalisa ta zauna ranar 25 ga Mayu don tabbatar da Alhaji Adegbenro, sai aka kaure da jifa da kujeru. Ranar 29 ga Mayu gwamnatin Tafawa Balewa ta kafa dokar ta-ɓaci, kuma wannan rikici na cikin abubuwan da suka raunana Jamhuriya ta Farko.

Tun 1979 tsarin shugaban ƙasa muka zaɓa, saboda haka ƙuri'ar amincewa ba ta ɗora gwamna, ba ta kuma sauke shi. Abin da Tsarin Mulkin 1999 ya tanada shi ne tsigewa a sashe na 188, da kashi biyu bisa uku, wato mutum 20 cikin 30 na Majalisar Dokokin Jigawa. Amma akwai ƙirgen da ake yi kowace shekara, shi ne na kasafin kuɗi.

Nan ne, 'yan'uwa, maganar ta shafe mu. Manomin shinkafa na Auyo da masuncin Guri, waɗanda kacala ta toshe wa hanyoyin ruwa, ambaliya kuma ta cinye gonakinsu a 2022, suna da haƙƙin sanin abin da wakilinsu ya faɗa, da inda ya ɗaga hannu, ranar da aka zo kan kuɗin yashe kogi. Ina ba wannan ƙungiya shawara ta riƙa gayyatar wakilanmu kowace shekara su karanta mana wannan lissafi, kafin a yi musu tafi.